Na gama kwas ɗin iyaye na sati takwas da na shiga saboda ƙiwar 'yata, ga abin da na gani

Wata biyu kenan da gama kwas ɗin nan kuma har yanzu ana tambayata ko ya yi amfani ko kuwa irin abubuwan nan ne na intanet da ake ta tallatawa, ki biya ki fito da satifiket kawai. Shi ne nace bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Bazan kama sunan masu kwas ɗin ba don akwai inda zan yi ƙorafi, kuma irinsa da yawa yanzu, tsarin kusan ɗaya ne, in kin karanta wannan ko ba komai za ki san me za ki tambaya kafin ki shiga kowanne.

Ƙiwa ce ta kai ni. 'Yata, ita ce ta biyu a haihuwa, tana wata tara a lokacin, kuma wallahi ko banɗaki zan shiga sai ta bi ni da rarrafe tana kuka kamar an tsaga mata jiki, in baƙo ya shigo kuwa ko kallonta ya cika yi sai ta cusa kai a ƙirjina ta ƙanƙame min riga. Yayanta ba haka ya yi ba sam, shi yanzu shekararsa huɗu, tun yana jariri kowa ya miƙo hannu zai tafi, ya sha nono ya yi barcinsa, har na ɗauka ni ce na iya reno. Da wannan ta zo sai komai ya juye, barci ba lokaci, ƙara kaɗan ta firgita, sabon kaya ma in an sa mata sai ta yi rigima. Kowa kuma da abin da zai faɗa, ke kika sangarta ta, kin saba mata da hannu, ki ajiye ta ta yi kukanta ta gaji za ta daina. Na gwada ajiyewar kwana uku, ita ba ta daina ba ni kuma na koma ina kuka a ɗaya ɗakin. A wannan halin wata ƙawata ta turo min link ɗin.

Tsarin kwas ɗin shi ne sau ɗaya a sati ana haɗuwa a Zoom, awa ɗaya da rabi, mu goma sha biyu ne a ajinmu duk mata. Akwai guruf na WhatsApp na tambayoyi, sannan akwai zama biyu ke kaɗai da malama inda za ki tura bidiyon ki da yaronki ku kalla tare. Ki riƙe maganar bidiyon nan don a nan kuɗina ya fita, sauran duk rakiya ce.

Sati biyun farko gaskiya na kusa haƙura. Lakca ce zalla, malama tana ta karanto silaid, tarihi, sunaye, ni kuma ga yarinya a cinya tana jan wayar iyafis. An yi mana bayanin John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 kan yaran da suka rasa iyaye bayan yaƙin duniya na biyu, shi ne ya kafa maganar cewa shaƙuwar jariri da mai renonsa buƙata ce ta asali kamar yunwa, ba shagwaɓa ba ce. Abu mai kyau ne amma an ja shi da yawa, da minti goma ya isa. Wanda ya tsaya min a rai a satin shi ne gwajin Harry Harlow a jami'ar Wisconsin ta Amurka wajen 1958, da ya raba jariran biri da iyayensu ya haɗa musu uwar ƙarya guda biyu, ɗaya ta waya mai kwalbar madara, ɗaya an lulluɓe ta da yadi mai laushi ba ta da komai. Sai su je wajen ta wayar su sha su dawo da gudu su maƙale a jikin mai laushin kusan wuni guda, in an tsorata su ma can suke nufa. Na ji tausayin birran sosai, har yanzu ban ga dalilin da zai sa a yi wa halitta haka ba, amma na fahimci abu ɗaya a daren, lokacin da 'yata ta ƙoshi sumul amma take neman jikina ba wai tana min wayo ba ne.

Sati na uku aka shiga maganar halin da ake haihuwar yaro da shi, a nan na fara gyara zama. Malama ta kawo binciken wasu likitoci biyu mata da miji, Alexander Thomas da Stella Chess, da suka fara a New York a 1956 suna bin yara 133 tun suna jarirai har suka girma. Abubuwa tara suka riƙa dubawa, ciki har da yawan motsin yaro, ko barcinsa da jin yunwarsa suna da tsayayyen lokaci, yadda yake tarbar sabon abu ko sabuwar fuska, saurin sabonsa, ƙanƙantar abin da zai iya damunsa, ƙarfin kukansa ko dariyarsa, da nacinsa a kan abu. Daga nan suka ga kusan kashi 40 cikin 100 masu sauƙin reno ne, kashi 10 masu wuya, kashi 15 masu jinkirin sabo, wato sai sun tsaya sun gama kallo kafin su saki jiki, sauran kusan kashi 35 kuma ba su faɗa rukuni ko ɗaya ba, sun ɗebo nan sun ɗebo can. Aka ba mu takarda kowa ta auna nata a kan abubuwa taran nan. Na cike guda biyu, ɗaya na yayan ɗaya na ƙanwar, na ajiye su gefe da gefe sai ga shi kusan a komai suna hannun riga, alhali ciki ɗaya, gida ɗaya, uwa ɗaya. Wallahi wani nauyi ne ya sauka daga kaina a ranar. Ba ni na lalata ta ba, kuma shi ma yayan ba gwanintata ce kaɗai ta sa ya zama mai sauƙi ba.

Ta kuma kawo aikin Jerome Kagan na Harvard, wanda ya riƙa nuna wa jarirai 'yan wata huɗu sabbin abubuwa, kayan wasa masu lilo, sauti, ƙamshi, sai kusan ɗaya cikin biyar su banƙare su yi ta harba ƙafa suna kuka, kuma waɗannan su suka fi fitowa da jin kunya da ɗari-ɗari daga baya, duk da ba dukkansu ba. Wata a ajin tace to kenan hali zanen dutse, ba abin da za mu iya. Amsar malamar ta min daɗi, tace abin da Thomas da Chess suka fi nanatawa ba rukunin ba ne, dacewa ce tsakanin halin yaro da yadda ake tafiyar da shi. Yaro mai jinkirin sabo in ya samu wanda zai ba shi minti goma ya gama kallon wuri kafin a ce ya je wajen wani, lafiya lau zai tashi, in kuma kullum fizge shi ake a danƙa wa baƙo don a cire masa ƙiwa to ana ƙara tabbatar masa ne cewa abin da yake tsoro gaskiya ne. Ni kuwa abin da nake yi kenan, saboda kunyar mutane, da an ce kawo ta sai in ɓamɓare ta daga jikina in miƙa.

Toh sai zaman bidiyo na farko, a sati na huɗu. An ce in ɗauki minti goma ina tare da ita kamar yadda muka saba, kar in shirya komai. Abbansu ya jingina waya a kan kujera ya fita, ni ina zaune a ƙasa ina ninke kaya ita tana wasa. Na tura ina fargaba don na ɗauka za a zauna ne a lissafa min laifukana. Malama ba ta fara da laifi ba, wuraren da na yi daidai ta fara tsayarwa, tace kalli nan da ta yi gwaranci kika amsa mata da irin sautinta, kalli yadda kafaɗarta ta sauka. Ni ban ma san na yi ba. Sannan ta kai wani wuri tace yanzu kar ki kalli kanki, ita kawai za ki kalla, ta rage gudun bidiyon.

Abin da na gani har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa. Yarinyar nan da nake cewa ba ta iya rabuwa da jikina, ashe ta rarrafa ta yi nisa da ni har wajen ƙofa ta ɗauki wani murfi tana jujjuyawa, sai ta waiwayo ta kalle ni, ni kaina na kan kaya. Ta koma wasa, can ta sake waiwayowa har da ɗaga murfin sama kamar tana nuna min, a lokacin na ɗauki waya ina duba saƙo. Na uku da ta waiwayo ba ta samu idona ba sai ta yar da murfin ta taho da sauri tana kuka ta haye cinyata, kuma a cikin bidiyon ana jin muryata ina cewa ke kam ba a minti ɗaya sai kin yi kuka ba dalili. Ba dalili! Sau uku ta kira ni da ido cikin abin da bai kai minti biyu ba. Malama tace kin ga ba jikinki take nema ba a farko, so take ta tabbatar kina nan don ta ci gaba da harkarta, da ta samu kallo ɗaya da murmushi wataƙila da ta ƙara gaba. Tace haka yaro yake, ya fita ya bincika duniya ya dawo ya ɗebi natsuwa ya sake fita, kuma wanda ya tabbatar zai samu wajen dawowa shi ya fi yin nisa.

Akwai na biyu a bidiyon. Da na ɗauke ta ina son in lallashe ta sai na ɗauko abin wasa mai kacau-kacau ina kaɗa mata a fuska, ta kau da kai gefe, na bi fuskar da shi, ta sake juyawa ɗaya gefen ta yi hamma, na sake bi ina ƙara ƙarfin murya, sai ta fashe da sabon kuka. Ni a tunanina wasa nake mata. Ashe kau da kai, da hamma ba lokacin barci ba, da banƙarewa, da tura hannu, duk hanyar jariri ce ta cewa ya ishe ni haka bari in huta, musamman irin nata da ƙaramin abu ke cika mata kai. Tace in ta juya ki tsaya kawai ki yi shiru, ki ƙirga a zuci, da kanta za ta dawo da fuskarta. Na gwada a yammacin ranar, ban kai goma ba ta juyo ta kama min hanci. Gani ya kori ji, da a lakca aka faɗa min wannan da ya bi ta bayan kunnena.

A satin da ya biyo baya aka nuna mana gwajin Edward Tronick na shekarun 1970, inda uwa ke wasa da jaririnta sai a ce ta daskarar da fuska kamar minti biyu ba murmushi ba magana. Yaron zai yi murmushi, ya nuna abu, ya yi ƙara, ya miƙa hannu, duk dabararsa sai ya gwada, in ba amsa sai ya juya kai ya rushe da kuka. Duk ajin shiru muka yi don kowa ta san fuskar da take yi in tana danna waya, ita ce wannan. Amma malama ba ta bar mu cikin jin laifi ba, tace shi Tronick ɗin ya gano cewa ko tsakanin uwa da jaririn da ba su da wata matsala, kusan kashi 30 cikin 100 na lokacin ne kawai suke daidai da juna, sauran saɓani ne da gyara, ki kuskure ki lura ki dawo. A gwajin ma da uwar ta saki fuska ta rungumo shi yawanci yaron na dawowa daidai. Wannan magana ta gyara ta taimake ni fiye da komai a ɓangaren lakca, don ni mutum ce mai saurin hasala in barci bai ishe ni ba, da in na daka tsawa sai in wuni ina cin kaina, yanzu ina sauka in ɗauke ta in sassauta murya, shi yayan ma in ce masa yi haƙuri na ɗaga maka murya ɗazu.

Wani ƙaramin abu kuma da ya shafe ni kai tsaye, binciken 1985 da aka ɗora yara 'yan shekara ɗaya a kan tebur mai gilashi da ke nuna kamar akwai rami a tsakiya, uwar tana ɗaya gefen. In ta nuna fuskar tsoro ba wanda ya tsallaka, in ta yi fara'a kusan uku cikin huɗu suka tsallako. Wato in yaro bai gane abu ba fuskarki yake karantawa. Ni kuwa da na ji sallamar baƙi gabana ke faɗuwa don na san za ta yi kuka in ji kunya, sai in ƙanƙame ta tun kafin su zauna. Ta ina za ta yarda da su?

Yanzu ƙorafina babba, sati na shida. An kawo aikin Mary Ainsworth, wadda ta fara lura da iyaye mata da jariransu a ƙauyukan kusa da Kampala a Uganda a 1954, daga baya ta koma Baltimore a Amurka ta tsara wani gwaji na kusan minti 20 mai matakai takwas, uwa da yaro ɗan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi a baƙon ɗaki, baƙuwa ta shigo, uwa ta fita, ta dawo, a ga me yaron zai yi. Daga nan aka fitar da nau'o'in shaƙuwa, mai natsuwa wanda kusan shida cikin goma ke faɗawa ciki, da mai kau da kai kamar bai damu ba, da mai maƙalewa yana kuma ture uwar ya ƙi lallasuwa, sannan Mary Main da Judith Solomon suka ƙara na huɗu a 1986, wanda yaron ke rikicewa ya rasa ya je ko ya gudu. Ilimi ne mai kyau amma yadda aka watso mana shi a silaid ɗaya ba shimfiɗa ba gargaɗi, ya tayar wa mutane da hankali. A daren nan guruf ya cika, wannan tace nata na biyu ne, waccan tace ta gwada a gida ta fita ta bar shi da maƙwabciya ya yi ta kuka ya ƙi shiru kenan ta lalata shi, wata har murya ta turo tana kuka. Ni kaina na kwana ina tunanin tawa ta uku ce. Sai bayan kwana uku malama ta shigo tace wannan gwajin bincike ne, ƙwararrun da aka horar ne ke fassara shi daga bidiyo, ba abin yi a falo ba ne, kuma ba yawan kukan da yaro ya yi da kika fita ake dubawa ba, yadda ya yi da kika dawo ne, ya neme ki, ya lafa a jikinki, ya koma wasa. Yaro mai zafin hali zai iya tsala kuka sosai kuma shaƙuwarsa lafiya lau. To wannan ai shi ya kamata a fara faɗa kafin a nuna silaid ɗin, ba bayan an bar mata masu ƙananan yara kwana uku cikin zullumi ba. Alƙawarinsu amsa cikin awa 24 ne a guruf, ba su cika shi ba ko a wannan karon da aka fi buƙata.

Da ta dawo ɗin dai ta kawo abin da ya kwantar min da hankali, wani bincike a ƙasar Holan da Dymphna van den Boom ta wallafa a 1994, jarirai 100 da aka zaɓo don masu yawan rigima ne tun haihuwa, aka riƙa zuwa gida ana koya wa rabin iyayen karanta alamun 'ya'yansu tsakanin wata shida zuwa tara, da suka shekara sai aka samu masu natsattsiyar shaƙuwa sun fi yawa nesa ba kusa ba a cikin waɗanda aka koyar. Kusan abin da aka yi min da bidiyo kenan.

Sauran ƙorafin ƙanana ne amma gara ki sani. Lokacin ajin ya faɗo daidai lokacin kwantar da yara, rabinmu kamara a kashe muke muna jijjiga. Rikodin ɗin da za ki kalla in kin rasa aji sai ya yi kwana huɗu bai zo ba. Silaid ɗin cike da manyan kalmomin turanci da ba a fassara ba. Maganar damuwar da ke kama uwa bayan haihuwa minti goma kacal aka ba ta a satin ƙarshe, alhali a cikinmu akwai aƙalla biyu da ko daga muryarsu ka san suna buƙatar a ce musu su ga likita, kuma uwar da ke cikin wannan hali ba ta da ƙarfin bin duk waɗannan alamu komai son ta. Sannan ba wanda ya yi mana bayanin ina bidiyon 'ya'yanmu ke zuwa bayan an kalla sai da na tambaya da kaina, suka ce suna gogewa bayan kwas, nace a rubuto min. Ki tambayi wannan tun kafin ki tura komai, cikin ɗakinki ne da ɗanki.

Abin da ya fi ba Abbansu haushi kuma shi ne komai uwa, uwa, kamar uba bango ne a gidan. Alhali a cikin darasin nasu an ambaci binciken Schaffer da Emerson a Glasgow ta Scotland, 1964, jarirai 60, inda aka ga zuwa wata 18 yawancinsu sun shaƙu da mutum fiye da ɗaya, kuma ba lallai wanda ya fi ciyar da su ba, wanda ya fi kula da alamunsu yana amsa musu. Sun faɗa da baki amma ba zama ko ɗaya da aka gayyaci maza. Ni na riƙa nuna masa abin da na koya, kuma shi ya fi ni haƙurin tsayawa in ta kau da kai, yanzu in ya dawo tun daga jin muryarsa take rarrafawa ƙofa.

Me ya canza a gida? Na daina sulalewa. Da in zan fita sai in jira hankalinta ya ɗauku in zame, ashe shi ya sa ko motsi na yi take zabura don ba ta san yaushe zan ɓace ba. Malama tace wajen wata takwas yaro ke fara gane cewa abin da ya ɓace wa ido yana nan wani wuri, shi ya sa ƙiwa ke farawa a lokacin, kuma kukan rabuwa yakan fi tsanani tsakanin wata 10 zuwa 18 kafin ya lafa, alamar hankali ne ke zuwa ba lalacewa ba. Yanzu ina durƙusawa in ce mata zan fita zan dawo, in sumbace ta in tafi ba tare da jan sallamar ba. Tana kuka, kar in yi miki ƙarya, amma wadda nake bar mata ita tace ba ta kai minti biyar take shiru, da kuwa sai ta yi rabin awa. Muna yawan wasan rufe fuska da buɗewa. In baƙi sun zo ina cewa dan Allah a bar ta tukuna ta gama kallo, wasu suna jin haushi, na koyi haƙura da wannan. Kuma in tana wasa ina aiki nakan zauna inda za ta ga fuskata, in ta waiwayo in ce na gani, shi kenan ta ci gaba.

Abin da bai canza ba shi ne ita. Yanzu tana wata goma sha uku, har gobe ba ta son hayaniya, ba ta zuwa hannun wanda ba ta sani ba, barcin dare sai a hankali. Duk wadda za ta shiga don a ba ta dabarar da yaro zai daina kuka cikin sati ɗaya ko ya riƙa kwana har safe, ba nan ba ne, ba su ma yi wannan alƙawarin ba. Haka kuma ba madadin asibiti ba ne, yaron da kukansa ya sauya farat ɗaya, ko akwai zazzaɓi, ko ya ƙi shan nono, ko ya wuce wata uku ba ya murmushi ba ya bin fuska da ido, likita za a kai shi ba guruf ba, wannan kam malama ta nanata kuma na yaba mata.

In za a ce in ba da maki, lakcocin biyar cikin goma, guruf ɗin huɗu, zaman bidiyo goma cif. In kin samu inda ake yin zaman bidiyon kaɗai ba sai da dogon kwas ba ki ɗauka, in kuma a haɗe suke ki tambaya sau nawa ne, wa zai kalla tare da ke, kuma me ya karanta, don aikin ya dogara ne kacokan a kan idon mai kallon da yadda take magana da ke. Tamu ta iya, ba ta taɓa ce min kin yi kuskure ba, sai dai tace me kike gani take son faɗa a nan.

Zama na biyu a sati na takwas aka yi, ɗaki ɗaya, wayar a kan kujera ɗaya. A wannan bidiyon ta tafi har bayan labule ta ɓace min gaba ɗaya, ta leƙo sau biyu na ɗaga mata hannu, ta koma, ta yi kusan minti shida tana fama da wani takalmin yayanta kafin ta dawo ta ɗora min shi a cinya. Na roƙi malama ta bar ni in ajiye wannan kafin su goge nasu, yana nan a wayata tare da na farkon.